Layinki Bai Mutu Ba, Inna

Assalamu alaikum Inna, bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifiyarsa, da fatan Allah Ya kai haske makwancinki.

Yau da albishir na zo, kuma kin san ba halina ba ne. Shekara goma sha ɗaya ina Abuja, ina jigilar fayil daga ofis zuwa ofis, da yamma in hau tudun Mpape da ƙafa, ban taɓa kawo miki labari mai daɗi ba. To, yau gyara zama.

Bayan sadakar arba'in ɗinki na taho da 'yar wayarki, wadda kika ɗaure da roba. Na jefa ta ƙasan akwati, ko kallonta ban iya yi. Juma'ar da ta wuce, ina fitowa daga masallaci, yatsana ya danna lambarki da kansa kamar yadda ya saba. Sai na ji wai lambar ba ta aiki. Maƙwabcina mai gyaran waya ya ce in layi ya daɗe a kwance, kamfani sayar wa wani yake yi. Inna, lambarki kaɗai na haddace a duniya. In kira wata rana, wani ƙato ya ɗauka yana tambayata wa ke magana?

Na kira kamfanin. Danna ɗaya, danna biyu, danna sifili. Suka sa min kiɗa, wata murya tana ta ce min kirana yana da muhimmanci a wurinsu. Muhimmancin da ya sa layin ya yanke sau uku! A na huɗu har na gama tsara zagin da zan yi.

Sai wata mata ta ɗauka. Hausarta irin ta garin nan, mace da namiji duk ɗaya ne. Da ta ji bayanina ta ce, "Ayya oga, Mama ya rasu? Allah ya jiƙan shi." Na haɗiye zagina. Ta duba ta ce ba a sayar da lambar ba tukuna, amma saura ƙiris, kuma wanda ya yi rajista kaɗai ke iya dawo da ita. Na ce mata mai rajistar tana kwance a maƙabartar Gumel. Ta tambayi sunanki, na faɗa. Ta ce ba shi ba ne. Ta tambayi nawa, na faɗa. Sai na ji ta yi dariya: "Oga, ai kai ne mai layin!"

Inna, kin tuna? Ƙarƙashin lemar nan ta bakin kasuwa, ranar rajista. Kin sha lalle, ga yatsunki sun suɗe saboda murzar ƙuli-ƙuli. Sau biyar kina dangwala wa na'urar babban yatsa tana ƙi. Kika ja mayafi kika ce, "Wannan abu bai san hannun da ya yi aiki ba. Kai wancan, sa naka." Wallahi na manta shaf.

Wancan. Haka kike kirana, don ni ne ɗan fari, bakinki bai taɓa furta sunana ba. Ashe duk shekarun nan sunan yana kan layinki, yana ɗaure a bakin zaninki.

Litinin tun da safe na isa ofishinsu, na bi layi har azahar. Na dangwala sau ɗaya, na'ura ta karɓa. Zagin da na sha yi wa kamfanin nan ban janye ko ɗaya ba, amma matar can ta yi aikinta da gaskiya, Allah Ya saka mata.

Kin san me na yi da na dawo ɗaki? Ke ba kya kira, filashin kike yi, ki ce mai albashi shi ke kira. Na cajja wayarki, na yi wa kaina filashin. Tawa ta yi haske, ta rubuta: Inna. Na zauna bakin katifa ina dariya, hawaye na zuba, har maƙwabcina ya leƙo. Sannan na yi abin da kika koya min. Na kira. Ta yi ta ringi a tafin hannuna, ban kashe ba sai da ta gaji.

Allah Ya yafe miki, Ya yalwata kabarinki, Ya sa hannayen nan da na'ura ta ƙi su karɓi littafinsu ta dama. Amin.

Sai Juma'a, bayan masallaci.

Wancan naki na Abuja.