Dabinon da ba a ajiyewa

Litinin, 4 ga Agusta

Tsohuwa, matata, ta mayar da kwanon yadda 'yarmu Auta ta kai mata shi. Cokali biyu ta yi, shi ma don ina tsaye a kanta ne. Tun da aka sallamo ta daga asibiti haka muke fama. Likita ya ce maganinsa ba ya aiki a cikin da babu kome. In ba ta soma cin abinci ba kafin ranar komawa, gado zai sake ba ta. Ita kuwa ta ce in aka mayar da ita wancan ɗakin, ba da ƙafarta za ta fito ba. Ba mai yawan magana ba ce, shi ya sa maganar ta zauna mini a ƙirji.

Na ce, to me kike marmari? Ta ce dabino. Matar mai dabino, wadda ta tsufa tana share ƙwallayensa a tsakar gida, yau shi take marmari.

Talata, 5 ga Agusta

Na buɗe gwangwanin dabinona. Rumfa na bari, ban bar sanin kaya ba. Na zaɓo mata na ƙwarai, mai duhun ja, fatarsa a yamutse kamar bayan hannuna, irin wanda in ka tauna zaƙinsa zai raka ka har bakin titi. Ta juya shi a baki, ta fitar a tafin hannu.

"Malam, wannan ai itace ne aka shafa wa sukari."

Wai ba shi take nufi ba. Na gidan kakarta take nufi, wanda suke tsinka a jikin bishiya tana yarinya. Na ce wannan ai ɗanye ne, dabinon da bai gama karatu ba. Ta ce, "Kai da ka gama, ga ka nan a bushe."

Da bakin ci yake kamar bakin zolaya, da tuni ta miƙe.

Alhamis, 7 ga Agusta

Auta ta kira mijinta. Babbar mota yake ja, kuma ashe hanyarsa tana bi ta inda ake noman abin. Ya ce yanzu ne lokacinsa. Ni tun ina saurayi a buhu nake karɓarsa, ban taɓa tambayar yaushe ne lokacinsa ba. Busasshe ba shi da lokaci, kullum nasa ne.

Asabar, 9 ga Agusta

Kwali ya iso da yamma, Tsohuwa tana barci, Auta ta tafi gidanta.

Sai da na sa tabarau. Rawaya shar, sumul, suna sheƙi, jere a jikin tsinke kamar an zauna an shirya su. Kowane ɗaya ya kusa biyun nawa, ga nauyi. Ba wannan ƙamshin na zuma, sai wani ƙamshi kamar na ganye. Na ciji guda. Ƙaras, kamar rake. Da fari bauri ya ɗaure mini harshe, can sai ruwa ya biyo baya, da ɗan zaƙi mai jin kunya. Wannan ne ake ta kira a waya a kansa?

Na yi abin da na iya. Na shimfiɗa tabarma na tsince su. Da yawa sun fara lalacewa a hanya: wani bakinsa ya yi duhu, wani rabinsa, wani ya yi luguf gaba ɗaya yana naso. A sana'armu dabino ɗaya mai laima shi ke cinye buhu. Na ware su duka na miƙa wa maƙwabcina Tela ta katanga, ya ba awakinsa. Masu taurin na zuba a babban gwangwani, na danne murfi saboda ƙwari, na kai ɗakin ajiya. In aka bi a hankali za su kai ta wata biyu.

Lahadi, 10 ga Agusta

Na kai mata huɗu a faranti, ina jiran yabo. Ta ɗauki guda ta shinshina, fuskarta ta saki. Ta kai baki, haƙori ya ƙi. Ta ajiye.

"Ina masu laushin?"

Na ce waɗanne?

Ashe waɗanda suka yi duhun nan su ne nunannu. Su kakarta take ware wa tsofaffi da marasa lafiya. Na gaya mata inda suka tafi. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce, "Allah ya sa awakin sun gode," ta juya fuska bango. Can ta ce sauran ma za su yi laushi da kansu, a bar su.

Na bar su.

Ko shayi ba ta sha ba yau.

Litinin, 11 ga Agusta

Tela ya leƙo ta katanga yana suɗe yatsa. Wai awaki ba su ga ko ɗaya ba, shi da matarsa suka zauna a kai. "Maƙwabci, in an sake samun ruɓaɓɓu, kada ka wahalar da kanka neman bola." Na ce ya je ya ji da wandon mutane da ya rage wa ƙafa ɗaya.

Talata, 12 ga Agusta

Na ɗaga murfi, tsami ya mare ni. Gwangwanin ya yi gumi ta ciki, na ƙasa sun yi furfura. Na daɗe a tsugune.

Auta ce ta same ni haka. "Baba, abu mai ruwa za ka rufe a ƙarfe cikin zafin nan? Tumatir ma haka kake masa?" Na ce ban taɓa sayar da tumatir ba. Ta ce, "An gani."

Muka tsince abin da ya tsira, bai fi cikin tire ɗaya ba. Ta wanke, ta goge, ta kai rabi firjinta. Rabi muka baza a inuwar baranda, muka lulluɓe da farin ƙyalle mai shara-shara. Ba a gaya wa Tsohuwa ba. Ina jin ta sani, hancinta bai yi ciwo ba.

Alhamis, 14 ga Agusta

Biyu sun juya. Daga baki duhun yake farawa, yana hawa sama kamar shayi a jikin tsumma. In ka ɗaga a rana har inuwar ƙwallon kana gani. Na zare ɓawon da farce, ya fita kamar rigar jariri, na cire ƙwallo, na kai mata duka biyun. Ba ta tauna ba, ba abin taunawa. Ta rufe ido.

Ta ce, "Akwai wani?"

Na ce sai gobe. Karo na farko a rayuwata da na ce wa mai neman dabino sai gobe, kuma ba wayon kasuwa ba ne.

Juma'a, 15 ga Agusta

Uku. Da rabin kofin madara.

Asabar, 16 ga Agusta

Yanzu aikina ke nan. Da gari ya waye ina baranda, ina ɗaga ƙyalle kamar mai duba kaza a kan ƙwai. Ba ya karɓar gaggawa, ba ya kuma karɓar jinkiri. Wanda ya nuna yau, in ka bar shi jibi ya yi tsami. Nawa yana shekara a buhu yana jiran mai shi. Wannan kuwa, kai za ka jira shi, in ya zo kuma ka tashi tsaye.

Ta ce zaƙin yana sa ta jin yunwa. Auta ta dafa shinkafa mai laushi da romo, ta ci kusan rabi, tana ci tana kushe gishirin. Auta ta fita tsakar gida ta goge ido, wai hayaƙi. A kan gas take girki.

Litinin, 18 ga Agusta

Mun je. Likita ya ɗora ta a ma'auni, ya duba ido, ya duba harshe. Ya ce ba ta kai inda yake so ba, amma ta kama hanya, mu koma gida. A mota ta riƙe bakin rigata har ƙofa, kamar ba ta san ta riƙe ba.

Laraba, 20 ga Agusta

Na ƙarshen da Auta ta dawo da su daga firji sun nuna gaba ɗaya, su shida. Na ce a ci uku a bar uku. Tsohuwa ta ci uku, ta turo mini farantin.

"Ci, Malam. Ba za su kai ba."

Na ce ni ba na cin ɗanye. Ta ce to a miƙa wa Tela.

Na ci. Yana narkewa tun kafin ka yanke shawara a kansa. Zaƙin bai kai nawa ƙarfi ba, sanyi-sanyi ne, kuma ba ya daɗewa a baki. Ruwa ya yi masa yawa. Na gaya mata haka, ta ce ta ga alama, tunda har na ukun ruwa ya yi masa yawa.

Da yamma na sa Auta ta saka mini lambar mijinta a waya. Don uwarta ne. Na ce masa in zai ɗauko, ƙaramin kwali ya isa, wanda za a cinye kafin ya sake wucewa.