Yaren da Babu Gaisuwa

Gangara, daren Laraba, daminar 1987

Tunda na zo hutu nake juya maganar malaminmu: wai mu masu koyon aikin ɗakin littattafai mu koyi yaren ordinatar, wato kwamfuta. Ni ƙamshin takarda nake so, ina ruwana da ƙarfe?

Ɗazu na gaya wa Baba. Ya ce, "Yaren nan akwai gaisuwa a ciki?" Na ce umarni ne kawai. Sai ya ce, "Duk da haka koya. Tunda na iya Buzanci ban sake jiran tafinta a bakin rijiya ba."

Ina lumshe ido sai in ga littattafai sun jeru kamar raƙuma, ina kira suna tahowa. Zan koya. Amma sallama zan fara sa na'urar ta yi.