Mayafin Inna a Boston

Dorchester, Boston
2 ga Maris, 1961

Zuwa ga Yaya Nuala,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya jikin Inna? Ni dai ga ni nan, gwiwa na ƙorafi, haƙan ramin bututu kuwa ba ya ƙarewa.

Na ga saƙonki. Kin ce idon Inna ya tafi, kuma ta ce a binne ta cikin baƙin mayafinta na ulu, wanda ta ɗora mini a kafaɗa ranar da kuka yi mini zaman makoki da raina, kamar yadda ake yi wa mai tafiyar da ba dawowa, kafin in hau jirgi. Yana nan, amma ba a ɗakina ba. Ƙungiyarmu ta 'yan Ailan na shirya wasan kwaikwayo a kan babbar yunwar da aka yi a ƙasarmu, don bikin Waliyyi Patrick, na kuwa ba su aro. Yawancinsu jikokin waɗanda suka yi ƙaura ne, ba su taɓa taka ƙasar ba, amma sun fi ni kukanta. Loretta Gilhooly, mai kula da tufafin wasa, har sumbatarsa ta yi. "Malachy, tsohon marowaci," in ji ta, "ashe kana da wannan ka ɓoye?" Ranar Asabar zan karɓo shi.

Ki gaida Inna.

Ƙanenki,
Malachy Conneely

6 ga Maris

Yaya Nuala,

Ina gaisuwa, Allah Ya ƙara wa Inna sauƙi. Ki karanta wannan ke kaɗai.

Na je zauren coci, na tarar da mayafin a jikin wata yarinya mai jan kumatu, wai ita ce gwauruwar da yunwa ke ci. Yaya, sun yage shi. Loretta ta sa almakashi, ta warware ɗinkin Inna, ta murza masa toka. Kin san yadda Inna ke zare zare daga bakinsa ta toshe ɓula, don kada a ce a coci gidan Conneely ya gaza.

Na ce, "Ke, me kika yi?" Ta ce, "Ai ya yi kyau da yawa ne, Malachy. Daga kujerun baya sai ka ce matar likita. Wa zai yi wa wannan kuka?"

Na faɗa mata magana, ba zan rubuta ta ba. Ta fashe da kuka, ta ce kakarta sanye da buhu ta sauka a garin nan, ita take son a gani. Ba muguwa ba ce, ni ma ban gindaya mata sharaɗi ba. Talaucin da muka yi ta ɓoyewa, shi ne kayan adonsu.

Na wanke shi, na gwada ɗinki, amma hannun shebur bai san allura ba. Na aiko shi ta jirgin sama. Ki ninke shi yagar ta koma ciki. Kada ki bari Inna ta taɓa.

Naki,
Malachy

19 ga Afrilu

Yaya Nuala,

Yaya haƙuri? Allah Ya ji ƙan Inna, Ya ba mu dangana. Yaya yara?

Ban ga laifinki ba. Wa ya taɓa hana Inna abin da ta miƙa wa hannu? Na karanta inda kika ce ta bi yagar da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Ashe haka yaron nan ke fama a can, yana ce mini lafiya lau." Kin gaya mata gaskiya, ta ce ki daina rufa mini asiri, wane mahaukaci ne zai yaga tufa mai kyau don wasa? Sai ta ce a binne ta a zanen gado, a mayar wa yaron mayafin, ƙasarsu da sanyi.

Jiya ya iso. Na ga ɗinkinta na ƙarshe, a karkace, ɓula biyu ta samu rufewa.

An ce wasan ya yi kyau, da tsohon bargo suka yi, an sha kuka. Loretta ta zo ta'aziyya da burodi. Cikin ladabi ta roƙi a sa mayafin a akwatin gilashi a zauren, da sunan Inna a jiki, don na baya su gani.

Na ce mata sai bayan raina. An aiko mini shi ne don sanyi.

Ki gaida kowa a Carna.

Ƙanenki,
Malachy