Bawul ɗin da na ɗaura ne ya makantar da Yayana

Assalamu alaikum Edita, da kai da duk masu karanta wannan shafi. Allah ya sa kun ga kaka lafiya. Don Allah ka sakaya sunana, kuma ina roƙon jama'a su daure su kai ƙarshe kafin su tsine mini, don ni na riga kowa tsine wa kaina.

Ni mutumin ƙasar Kiru ne, ina aikin ɗaura bututu da gyaran famfo a wani kamfanin kuza a wajen Riruwai. Wanda ya kai ni can wani bawan Allah ne, bari in kira shi Yaya Sabo, ko da yake ba sunansa ke nan ba. Ba mu haɗa uwa ko uba ba. A kasuwar Tudun Wada ya tsince ni shekarar da gonarmu ta ƙi, ina yawon cin rani ba ni da ko tabarma. Ya kai ni barikin ma'aikata, ya ba ni wurin kwana, kwano ɗaya muke sa hannu da shi, matarsa kuwa ƙaninta take ce da ni. Aikinsa hura wutar tukunyar tururi, wadda ke juya injin da yake janye ruwa daga rami. Shi ya yi ta roƙo har aka sa ni wajen masu gyara na koyi sana'a.

Abin da aka fara koya mini shi ne bawul, wato ƙarfen da ake murɗawa a buɗe ko a rufe bututu, ba ɗaya ba ne, ko da bakinsu ya zo daidai. Na ruwan sanyi baƙin ƙarfe ne marar kauri, da fata ko roba a cikinsa. Na iskar da ke tura injin huda dutse daban yake. Na tururi kuwa tagulla ne mai nauyi, cikinsa ƙarfe zalla, don tururi yana dafa fata ya narka roba, kuma ƙarfinsa ba irin na ruwa ba ne. Na san wannan kamar yunwar cikina. Ba zan ce jahilci ne ba, in na faɗi haka na ƙara ƙarya a kan ƙarya.

Da daminar bana, bawul ɗin da ke bakin tukunyar Yaya ya fara yoyo. Ba a daɗe da ba ni riƙon wannan sashe ba, ina ta son in nuna na isa. Baturen injiniya ya ɗauko sabo daga sito, ya sa tafinta ya gaya mini shi kaɗai ya rage, sai an aiko da wani daga Jos, in kula. Aka kashe wuta, kowa ya tafi cin abinci, na zauna ni kaɗai ina ɗaurawa. Don kada ya yi yoyo a yi mini dariya, sai na zura guntun bututu a hannun sifanar da nake ɗaurewa da ita na danna da dukan ƙarfina. Sai na ji ƙas! Wuyan bawul ya tsage. Jama'a, da a lokacin na tashi na je na ce na yi ɓarna, me zai faru? Zagi ne, ko a mayar da ni ɗaukar kwanon ƙasa, ko a kore ni. Wanne ne ya kai idon mutum? Amma ruwa yana ta hawa a rami, ni kuma kunya ta rufe ni. Na zaga bayan sito inda ake jibge kayan famfo, na ɗauko bawul ɗin ruwa mai baki daidai da wancan, na ɗaura, na shafe shi da baƙin mai, na naɗe shi da tsumman da muke rufe bututu da shi. Wanda na fasa na tura shi cikin tarin ƙasar da aka wanke. Na ce a raina zai riƙe kafin na Jos ya iso, in canza ba wanda ya sani.

Yaya ya dawo, ya dubi aikin ya dafa kafaɗata ya ce, “Kai, ƙanena ya zama gwani. Yanzu sai in yi aiki hankali kwance.” Na buɗe baki, wallahi na buɗe, amma abin da ya fito shi ne, “Allah ya sa, Yaya.”

Bawul ɗin ya riƙe 'yan kwanaki. Ran nan da hantsi ina can gindin rami sai muka ji ƙara kamar aradu, farin tururi ya tashi ya rufe rumfar tukunya. Ko kafin in iso na san abin da ya faru. Yaya ya sunkuya ne yana buɗe bawul ɗin, ya fashe masa a fuska. Na tarar da shi a ƙasa yana birgima yana salati, fatar goshinsa ta saɓule, yana cewa, “Ku janye wutar, akwai mutane a ƙasa!” Ko a wannan hali ta mutane yake yi.

Ni aka sa in kwashe ɓaraguzan, tunda aikina ne. Na kwashe, na ɓatar da su. Da Bature ya tambaye ni ko bawul ɗin da ya ba ni shi na ɗaura, na dubi ƙasa na ce shi ne. Sai aka yanke cewa Yaya ne ya cika wa tukunya wuta. Aka kai shi asibiti, ya dawo ba ido, aka sallame shi a kan sakaci, ba a ba shi abin da ake ba wanda ya ji rauni a bakin aiki ba. Mutumin da ya yi shekaru bai taɓa barin tukunya ta ƙone ba, ya bar Riruwai a bayan mota, matarsa tana riƙe da sandarsa.

Yanzu yana ƙauyensu a ƙasar Doguwa, yana tufkar igiya a gindin tsamiya. Duk ƙarshen wata nakan kai musu dawa da ɗan abin miya, mutanen garin suna ta sa mini albarka, wai ba a taɓa ganin amini irina ba. Kowace albarka kamar garwashi take sauka a kaina. Ni nake cin abincin sana'ar da ya nema mini, ni nake ganin rana, shi yana lalube. Wannan wace irin rayuwa ce? Na daina iya haɗa ido da mai ɗakina, in na ji tukunya ta yi huci gabana sai ya faɗi, in na yi salla ban san da wane baki zan roƙi gafara ba, tunda malamai sun ce hakkin mutum sai shi ya yafe.

Abin da ya sa na kasa ci gaba da shiru shi ne zuwana na ƙarshe. Ya laluba ya kama hannuna ya ce, “Ƙanena, akwai abin da ke damuna. Kullum ina lissafin itacen da na zuba ran nan, ban ga inda na wuce ƙa'ida ba, amma tunda masu ilmi sun ce ni ne, to ni ne. Ka yafe mini, na ɓata maka aikinka na farko.” Edita, ni yake neman gafara a wurina! Na yi kuka, ya ɗauka tausayi ne, har yana ba ni haƙuri. Sannan ya ce matarsa ta kusa sauka, in namiji ne sun riga sun gama magana, sunana za a sa masa.

In na faɗa, za a kore ni, watakila a ɗaure ni, dawar da nake kai musu ta yanke, kuma in raba shi da mutum ɗaya da yake jin ya rage masa. In na yi shiru, zai mutu yana zargin hannunsa, yaro kuma ya tashi yana amsa sunan wanda ya makantar da ubansa. Haihuwa yau ko gobe ce. Don Allah jama'a, ku dubi girman Allah ku gaya mini, me zan yi?