Karin Kakana Na Ɗora a Kan Jita

Assalamu alaikum, mutanen wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni.

Ni ɗan Talata Mafara ne, gidanmu gidan malamai ne. A gida an san ina aikin wayarin a Yamai. Gaskiyar ita ce ni ke kaɗa jitar lantarki a wata ƙungiyar kiɗan rok da ta yi suna har Turai. Rawani nake naɗawa irin na Buzaye in rufe fuska, shi ya sa ko a bidiyo ba mai gane ni.

Kakana ya bar wani bege na Annabi mai kari na daban, mahaifina ne kaɗai ke rera shi bayan sallar asuba. Wata rana muna gwaji, ba mu da sabon abu, sai yatsuna suka kama karin nan da kansu. Abokan kiɗana suka yi ihu, ni kuma na ce nawa ne. Shi ya fito da mu duniya. Na ga Turawa da kwalba a hannu suna tsalle a kan karin da nake ji ina kwance a tabarmar zaurenmu. Da farko nakan ji kunya, yanzu ba na jin komai. Yatsu na aiki, ni ina tsaye kamar turmi. Wane irin mutum ne wannan?

Watan jiya aka kira ni, jikin Malam, wato mahaifina, ya tsananta, idonsa ma ya tafi. Ashe wani direban Bakura ya kunna waƙar a mota ranar da za a kai shi asibiti. Da na iso gida na durƙusa gaishe shi sai ya ce, "Kai da kake Yamai, an ce can makaɗan nan suke. Wanda yak kai begen babana wurin rawa, ban yahe mai ba. Ka binciko man shi."

Na ce, "To, Malam."

Sai ya kama hannuna na hagu, ya daɗe yana shafa kantar da wayoyin jita suka yi mini a kan yatsu. Ya ce, "Aikin wayarin ne wanga?" Na ce eh. Ko muryata ba ta yi rawa ba.

Ya saki hannun ya ce, "In ka gane shi, ka ce ya taho da kainai. Ban daɗewa."

Ya sani ne? Ko jira yake in faɗa da bakina? In na faɗa, ina tsoron maganar ta ƙarasa shi. In na yi shiru, zai tafi bai yafe mini ba. Na nemi hawaye ko ɗigo babu. Yanzu na koma Yamai. Jiya ƙanwata ta kira ni ta ce ya daina cin abinci, kuma duk wanda ya yi sallama a zaure sai Malam ya tambaya ko ni ne.

Jama'a, ni me zan yi?