Lamba Biyu a Bikin Labaran

Litinin, 15 ga Afrilu, 2024
Kwana tara ke nan da Baba ya kawo ni Safana, gidan Gwaggo Fanta. Wai in taya ta zama. Ashe aiki ne. Gwaggo mawaƙiyar biki ce, da can da ƙwarya take yi, yanzu sai fiyano da sifika. Mannir ƙanen mijinta shi ke kaɗa fiyanon. Yau ya zo da wani baƙin ƙarfe daga Kano, tsawonsa kamu guda, da maɓalli huɗu a jere. Wai fedal. Da ƙafa ake taka shi, sai ya aika saƙo ta wata waya da yake kira midi, muryar Gwaggo ta sauya. Gidaje da yawa ba su barin namiji ya shiga cikin mata, a zaure yake zama, ba ya ganin Gwaggo. Dole wata ta zauna ciki tana takawa. Watar nan ni ce, tunda na gama aji shida na san lamba. Ba wanda ya tambaye ni ko ina so.

Alhamis, 18 ga Afrilu
Ɗaya, murya zalla, ta magana da addu'a. Biyu, eko, mai maimaita ƙarshen kalma. Uku, muryar 'yan fim mai rawa. Huɗu, ganga ta shigo. Gwaggo za ta ɗaga yatsu, ni in taka. Na ce ba a dannawa da hannu? Mannir ya ce hannu na yin tafi ne, malama. Har da "malama", don raini. Sau biyu ya ce mani kada in taka da ƙarfi, ba sussuka ake yi ba. Na tsani abin nan. Na tsani jar fitilarsa da ke kallona.

Asabar, 20 ga Afrilu
Yinin biki a Zakka. An zaunar da ni a tsakiyar tsakar gida kan 'yar kujera, mata sun fi ɗari, kowa na kallon ƙafata. Da kaushina da komai. Ban yi kuskure ko ɗaya ba. Ana cikin haka Gwaggo ta nuna ni, a makirfo fa, ta ce, "Ku ga Hadiyya 'yar ƙanena daga Darini. Ita bakinta a ƙafa yake, in kuna son hira da ita sai ku duƙa." Aka kwashe da dariya. Wata tsohuwa har ta duƙa ta ce wa babban yatsana ina wuni.
Ban yi kuka ba sai a mota.

Lahadi, 21 ga Afrilu
Gwaggo ta ba ni cinyar kaza daga abincin biki. Na ba mage.

Juma'a, 26 ga Afrilu
Gobe biki a Batsari. Ina son gida. Inno, mahaifiyata, ba ta taɓa nuna ni a taro ba.

Asabar, 27 ga Afrilu
Na yi abin.
Bayan la'asar Gwaggo ta gama waƙar amarya, ta ɗaga yatsa ɗaya, za ta yi addu'a. Na gani sarai. Na bar ta ta fara, mata sun ɗaga hannu, sai na sa ƙafa a kan biyu. Wallahi ni so nake muryarta ta yi rawa kawai a yi mata dariya, ta ji yadda ake ji. Ban san sunan ango ba. Ta ce, "Allah ya ba da zaman lafiya tsakanin Nusaiba da Labaran," sai sifika ta amsa da ƙarfi: baran, baran, baran.
Ba wanda ya ce amin. Baran-baran, yadda ake cewa miji da mata sun rabu da faɗa. A ranar auren.
Uwar ango, Hajiya Barira, ta miƙe zaninta na kwancewa. "Ke Fanta, wa ya aiko ki ki yi wa ɗana baki?" Amarya ta kifa kai tana kuka. Na taka ɗaya da sauri, amma ina amfani. Ta ƙofar baya muka fita, ko ruwa ba a ba mu ba.

Lahadi, 28 ga Afrilu
Gwaggo ce ta fara. Ba ni na ce a kawo ni ba.

Talata, 30 ga Afrilu
Gida biyu sun aiko sun fasa. A bakin rijiya na ji ana cewa Fanta mai mugun baki ce, injinta ma ya iya tsinuwa. Saura biki ɗaya, na Asabar, su ma suna shawara. Gwaggo ba ta fita. Shekara ashirin tana waƙa, in ji ta, ba a taɓa fitar da ita ta ƙofar baya ba. Mannir ya kwance fedal ɗin a kan tabarma, kwana biyu yana neman inda ya lalace. Ya ce mani, "Kada ki damu, malama, laifina ne, ni na tsawaita ekon." Wawa kawai. Ko zargina bai iya yi ba. Na ƙi cin tuwo.

Laraba, 1 ga Mayu
Tana tsintar wake na tsaya a kanta. Na ce, "Gwaggo, ni na taka." Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Na sani, ina da ido." Na ce to me ya sa ba ta faɗa ba? Ta ce, "In miƙa ki ga matan Batsari su cinye ki ɗanya? Me zan ce wa ubanki?" Can kuma ta ce, "Maganar Zakka ce ko? Ni ma bakina ya yi tsawo. Ɗauko hijabinki."
Muka hau babur har Batsari. Na durƙusa gaban Hajiya Barira, ɗakin cike da mata. Gwaggo ta koma gefe, ta bar ni. Muryata kamar ta sauro. Na faɗa dai, duka. Hajiya ta daɗe tana kallona, ta ce, "Ja'ira. To tunda yau kin samu baki, ke za ki gyara. Yi addu'ar, da ƙarfi, sunansa cikakke." Sau uku ta sa na yi. A na uku har na waje sun ce amin. Ba ta yi murmushi ba, amma ta ce a kawo mana fura.


Juma'a, 3 ga Mayu
Masu bikin gobe ba su fasa ba, Hajiya ce ta yi masu waya. Baba ya aiko yayana Ado da babur jiya, wai in ina son gida in biyo shi. Na ce wankina bai bushe ba. Ado ya kalli rana, ya kalle ni, ya tafi.
Ba wai ina son abin ba ne. In na tafi wata za su sa, wadda ba ta san komai ba, ta sake jawo wa Gwaggo abin kunya. Da rana na tambayi Mannir sunan angon gobe. Armaya'u. Na ce ya kunna makirfo. Na taka biyu, na faɗa da kaina. Ya'u, Ya'u, Ya'u. Wannan ba zagi ba ne. Duk da haka ƙafata a kan ɗaya za ta zauna har a shafa addu'a.