Kujerar Mai Ceto Babu Kowa a Kanta

Zuwa ga Mai Girma Darakta mai kula da wuraren wanka na bakin tafki, yankin Lyon.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aiki.

Sunana Nana Hadiza, mutuniyar Damagaram, ina zaune a Vénissieux, ina sharar ofisoshi. Ka san ni. Ni ce na yi maka tafinta ranar da ka zo ƙungiyarmu ta mata, ka roƙe mu mu fito mu koyi iyo. Ka ce kowace rana akwai mai ceto har ƙarshen hutu, kuma akwai igiya da ke nuna inda zurfi ya fara. Da bakina na mayar da maganarka Hausa. Na bi gida-gida ina lallashin matan da ba su taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba.

Ƙorafina uku ne. Na farko. Lahadin ƙarshe ta hutu mun je mu bakwai, har da yayata Barira, tela ce a Paris, ta zo mini ziyara. Koriyar tuta, alamar an yarda a shiga ruwa, tana sama. Igiyar ba ta nan, kujerar mai ceto babu kowa. Tsoro ya kama Yaya, ni ce na ce mata ta shiga, hukuma ta tabbatar mana. Taku kaɗan ta yi sai ƙasa ta ƙwace mata, ta nutse. Wani mai kamun kifi ne ya tsamo ta, ba ma'aikacinka ba. Kwana tara ta yi a asibiti.

Na biyu. Sau uku ina rubuto maka. Amsar da na samu layi biyu ce: wai akwai allo da ke cewa an daina gadi tun Juma'a. Na koma na duba. Allon yana bayan rumfar shara, ta ƙofar da masu zuwa a bas ba sa bi. To wa ya bar tutar a sama?

Na uku, kuma shi ya fi ci mini rai: hotona yana manne a tashar tiram, jirgin ƙasan cikin gari, ina murmushi, an rubuta a ƙasa cewa wurin amintacce ne. Matan unguwa suna wucewa ta gabansa kullum. Wasu sun daina amsa gaisuwata.

Ina roƙonka abu uku. A sauke tuta duk ranar da babu mai ceto. A mayar da igiyar. A cire hotona, ban yarda a ƙara kiran kowa da fuskata ba.

Yaya ta koma Paris. Ta ce ta yafe mini, amma har yau hannunta rawa yake, sai an zura mata zare a allura.

Allah ya yi maka jagora a aikinka. Allah ya sa kada a taɓa kiranka a waya a ce naka ne aka tsamo.

Wassalam.

Nana Hadiza
Vénissieux